Giya Ɗaya, Fuska Uku: Yadda Shekaru Ke Ɓoye Jarabar Barasa a Gidajenmu

A farkon shekarar 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura cewa ƙananan yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya gano cewa gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun zinaren da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gidaje. Sunayen Dareta, Abare, Sunke, Bagega, 'Yargalma da Tungar Guru suka shiga bakin duniya. Yara fiye da 400 suka rasu, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara biyar. Iyayen da suka daka dutsen da hannunsu, suka shaƙi ƙurar tare da 'ya'yansu, da yawansu suna tafe da ƙafarsu, ba su ma san suna ɗauke da komai a jini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana dalili: jikin yaro yana tsotse dalmar da ta shiga cikinsa ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa.

Mutanen yammacin Zamfara sun koyi wannan darasi da tsada: guba ɗaya ce, amma shekarun wanda ta shiga su ke zaɓa mata fuskar da za ta nuna. Akwai wata gubar da ke bin wannan ƙa'ida, wadda kunya ta hana mu yin maganarta a zaure. Ita ce giya. Kamanninta a jikin ɗan shekara goma sha bakwai daban, a jikin magidanci daban, a jikin dattijo kuma daban. Rashin sanin haka na sa mu yi gaggawar yanke ƙauna ga yaron da bai riga ya kamu ba, mu kuma kasa ganin tsohon da ya daɗe da kamuwa.

Haramci a fili, sha a ɓoye

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau, dokokin kuma suka fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000. Aka rufe mashayu, aka hana sayar da giya a fili. Duk wanda ya san ɓarnar da giya ke yi wa gida ba zai raina wannan mataki ba, domin masana kiwon lafiya sun daɗe da tabbatar da cewa rage samun giya yana rage shanta. Sai dai abin da aka kora daga kasuwa bai cika barin gari ba, lungu yake komawa. Har yau hukumar Hisba kan sanar da kama giyar da aka shigo da ita a sace. A farkon 2024 ma hukumar NAFDAC ta sanar da fara aiwatar da haramcin giyar da ake ƙullawa a 'yan ledoji da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, hujjarta kuwa ita ce araharsu da sauƙin jefa su aljihu sun kai su hannun yara.

A yankinmu giya ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fi sani da rahoton 2018, ya ƙiyasta cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64, wato mutum miliyan 14.3, sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Arewa maso Yamma ta tashi da kashi 12. Wannan lissafi bai haɗa da giya da taba ba. Ƙwaya ce da wiwi da maganin tari mai kodin da makamantansu. Saboda haka matashin da aka ji wa warin giya a Gummi ko Anka, ya kamata a tambaya me kuma yake haɗawa da ita, domin giya da tiramadol idan suka haɗu suna iya danne numfashi ko su jawo farfaɗiya.

A faɗin duniya kuwa, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma mutum miliyan 209 ne ke rayuwa da cikakkiyar jarabarta.

Ma'aunin da likita ke riƙe da shi

Ba duk wanda ya sha giya ne ya kamu da jarabarta ba. A wajen likita, jaraba cuta ce mai alamomi da ake ƙirgawa. Likitoci biyu, Griffith Edwards na Ingila da Milton Gross na Amurka, su suka tsara siffarta a 1976, kuma a kan wannan tsari aka gina littattafan gano cuta guda biyu da asibitoci ke aiki da su. Ɗaya na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, wanda bugunsa na goma sha ɗaya, ICD-11, ya fara aiki a Janairun 2022. Ɗayan na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ne, wanda bugunsa na biyar, DSM-5, ya fito a 2013.

DSM-5 ya lissafa alamomi goma sha ɗaya. Akwai shan fiye da abin da mutum ya yi niyya, da ƙoƙarin dainawa ana kasawa, da ɓata lokaci mai yawa wajen nema da sha da farfaɗowa, da matsananciyar ƙawa. Akwai kasa sauke nauyin aiki ko karatu ko iyali, da ci gaba da sha duk da rigimar da yake haddasawa tsakanin mutum da jama'arsa, da watsar da harkokin da a da yake so, da sha a halin da ke da haɗari. Akwai ci gaba da sha alhali mutum ya san yana cutar da jikinsa ko hankalinsa. Na ƙarshe su ne biyun da suka shafi jiki kai tsaye: sabon jiki, wato abin da ke bugarwa jiya ya daina bugarwa yau sai an ƙara, da ciwon yankewa, wato kyarma da gumi da tashin zuciya da rashin barci idan aka daina. Wanda ya haɗa biyu ko uku cikin wata goma sha biyu, cutarsa mai sauƙi ce. Huɗu ko biyar, matsakaiciya. Shida zuwa sama, mai tsanani.

Wannan ma'auni yana da amfani ƙwarai. Amma an fi ɗinka shi a jikin mutum guda: namiji mai matsakaitan shekaru, mai aiki da iyali, wanda ya shekara da shekaru yana sha har ya kai kansa asibiti a Turai ko Amurka. Shi ya sa magidanci ɗan shekara arba'in ya fi kowa sauƙin ganewa. Cefane ya fara yankewa, gona ta kwana ba shuka, shago ya yini a rufe, matar gida ta yi yaji, hannu na rawa da safe. Rigar ta zauna masa daidai. Idan aka sa wa yaro ita sai ta yi masa yawa, idan aka sa wa tsoho sai ta ƙi shiga.

Matashi: inda ma'auni ke yin gaggawa

Mu ƙaddara wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ke aikin dako a ramin zinare. Abokai sun koya masa shan 'yar leda ranar da aka samu kuɗi. Idan aka tambaye shi ko yanzu yana buƙatar fiye da abin da ya fara da shi, zai ce e, domin duk sabon mashayi jikinsa kan saba da sauri a watannin farko. Idan aka tambaye shi ko yakan sha fiye da niyyarsa, zai ce e, alhali bai taɓa ƙulla wata niyya ba, abin da aka miƙo masa yake karɓa don kada a kira shi yaro. Idan aka tambaye shi ko yakan tashi da ciwon kai da amai da kasala, zai ce e, amma wannan ragowar mayen daren jiya ce, wadda ke wucewa da kanta. Ciwon yankewa na gaske yana zuwa ne bayan an daɗe ana sha kullum, kuma alamarsa ita ce yana lafawa da zarar an sake kurɓa. Ga alamomi uku sun cika a takarda, jikin yaron kuwa bai riga ya zama bawan giya ba.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Babban binciken da aka yi a Amurka tsakanin 2001 da 2002, wanda ya tambayi mutum fiye da dubu 43, ya nuna jarabar giya ta fi yawa tsakanin 'yan shekara 18 zuwa 29, alhali waɗanda suka cika asibitocin jinyar mashaya sun girme su nesa ba kusa ba. A 2006 Raul Caetano da Thomas Babor suka wallafa wata maƙala suna tambayar ko annoba ce ta faɗa wa matasa ko kuwa kuskuren awo ne. Ra'ayinsu shi ne matasa da yawa suna rikita ragowar maye da ciwon yankewa, suna kuma ɗaukar sabon farko a matsayin sabon jaraba. An kuma ga cewa da yawa daga cikin irin waɗannan matasa sukan watsar da sha idan suka yi aure ko suka kama sana'a.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin da ke karkatar da ma'aunin. A garin da shan giya kansa laifi ne kuma abin kunya, kurɓa ɗaya ta isa ta haifar da rigima da uba, da kora daga makaranta, da fasa baiko. Alamar da ke cewa mutum na samun matsala da jama'arsa tana cika nan take, ba don yawan abin da ya sha ba, sai don tsananin ƙyamar da al'umma ke yi wa abin. Wannan ƙyama kariya ce gare mu, amma likita mai hankali zai ware ta gefe kafin ya auna zurfin cutar.

Kada wannan bayani ya sa iyaye su saki jiki, domin ma'aunin kan yi kuskure ta ɗaya ɓangaren ma. Akwai yaran da alamominsu ba su kai adadi ba, amma suna bakin rami. Binciken Bridget Grant da Deborah Dawson na 1997 ya gano cewa wanda ya fara sha kafin shekara 15 ya ninka wanda ya fara bayan shekara 20 kusan sau huɗu wajen yiwuwar kamuwa da jaraba a rayuwarsa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da hangen nesa da kame kai, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Haɗarin matashi kuma bai jiran jaraba: dare ɗaya na buguwa ya isa ya kife da babur a hanyar Anka zuwa Gummi, ko ya zame a bakin rami, ko ya zaro wuƙa a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba.

Shi ya sa aka tsara wa matasa nasu tambayoyin. Wanda aka fi sani shi ne CRAFFT, da likita John Knight da abokan aikinsa suka fitar a Boston a 1999. Tambayoyi shida ne kacal: ko ya taɓa hawa abin hawan da mai maye ke tuƙawa, ko yana sha don ya samu natsuwa ko ya saje da abokai, ko yana sha shi kaɗai, ko yakan manta abin da ya aikata, ko wani nasa ya taɓa ce masa ya rage, ko ya taɓa shiga matsala ta dalilin sha. Amsar e guda biyu ta isa a zurfafa bincike. Uba ko yaya ko malamin makaranta na iya yin waɗannan tambayoyi cikin sirri da taushin murya. Tambayar sha shi kaɗai ta fi nauyi, domin yaron da ya bar sha don abokai ya koma sha don damuwar zuciyarsa ya shiga wani mataki.

Abin da bai dace da irin wannan yaro ba shi ne a sa masa sunan ɗan giya har ya bi shi, ko a ɗaure shi a kai shi inda za a sa masa mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida irin wannan, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, sannan aka sake ganin makamancinsa a Daura bayan 'yan makonni. Sarƙa na hana sha muddin tana ƙafa, amma ba ta taɓa dalilin da ya kai yaron ga kwalba.

Dattijo: inda ma'auni ke runtse ido

Yanzu mu ƙaddara wani dattijo ɗan shekara sittin da takwas, tsohon ma'aikaci ko tsohon direba, wanda ya koyi sha tun yana zaman bariki, ya ci gaba a asirce. Ko kuma wanda bai taɓa sha ba sai bayan da ya rasa matarsa, ko 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu ya koma zaman gudun hijira a Anka, barci ya ƙaurace wa idonsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin da ke da matsalar giya sun fara ta ne bayan girma ya kama su, galibi a sanadin rashi ko kaɗaici ko ciwo.

Idan aka ɗora masa ma'aunin nan, sai ya zame ta ƙarƙashinsa. Ba ya zuwa aiki, balle a ce ya yi fashi. 'Ya'yansa ke ciyar da gida, balle a ce ya kasa cefane. Ya daina tuƙi. Rage fita da ya yi, kowa zai ce tsufa ne. Alamar sabon jiki ma juyawa take yi: yayin da mutum ke tsufa ruwan jikinsa na raguwa, tsoka na raguwa kitse na ƙaruwa, ƙwaƙwalwa na ƙara jin giya, don haka kaɗan ke bugar da shi. Zai iya rantsewa cewa abin da yake sha yanzu bai kai rabin na da ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma rabin nan ya fi cutar da shi fiye da cikakken na da. Wannan hujja ta ruwan jiki ta shafi mata ma, waɗanda shansu ya fi na kowa ɓoyuwa.

Alamomin da ke bayyana a jikin tsoho kuwa duk suna da wani sunan da za a laƙaba musu. Yawan faɗuwa, a ce jiri ne. Mantuwa, a ce ruɗewar tsufa ce. Rashin cin abinci da rama, a ce gyambon ciki ne. Hawan jinin da ya ƙi jin magani, a ce maganin ne jabu. Ga kuma haɗuwar giya da magungunan da tsofaffi suka fi sha. Tana iya faɗar da sukarin mai ciwon suga har ya suma, musamman idan ciki ba abinci. Tana ƙara ƙarfin maganin barci har ya zama haɗari. Tana haɗuwa da magungunan ciwon jiki wajen ɓarke jini a ciki. Ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu, tana gaggauta lalacewar hantar.

Sama da duk wannan akwai kunya. Ma'aikaciyar jinya 'yar shekara ashirin da biyar ba za ta iya duban mai furfura, wanda take ce wa Baba, ta tambaye shi ko yana shan giya ba. Ɗa ba zai iya furta wa likita abin da ya tsinta a ƙarƙashin katifar mahaifinsa ba. Girmama manya na cikin mafi kyawun ɗabi'unmu, amma a nan takan zama labule tsakanin mara lafiya da maganinsa.

Masana sun yi wa tsofaffi nasu gyaran. Jerin tambayoyi goma na AUDIT, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada a ƙasashe shida har da Kenya, yakan ɗauki maki 8 cikin 40 a matsayin alamar haɗari, amma littafin jagorarsa ya ba da shawarar a sauko zuwa 7 ga mata da kuma mazan da suka haura 65. A Jami'ar Michigan kuma Frederic Blow da abokan aikinsa sun tsara tambayoyin da suka dace da tsufa: ko mutum ya ƙara sha bayan wani rashi da ya yi, ko sha na rage masa kaɗaici, ko yakan tsallake cin abinci bayan ya sha, ko yakan rage adadi idan yana ba wani labari. Babu tambayar ofis. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne bincike ya nuna tsofaffin da suka shiga jinya suna samun sauƙi daidai da matasa, wani lokaci ma fiye.

Abin da watan azumi ke tonawa

Muna da wani awo da mutanen Boston ba su da shi. Idan watan Ramadan ya kama, kusan duk Musulmin da ke sha yakan yi niyyar ajiyewa. Matashin da ke sha jefi-jefi zai ajiye ba tare da wata wahala ba, gida ya yi murna an rabu da abin. A nan ake yaudaruwa, domin wata ɗaya bai isa shaida ba. DSM-5 ba ya ƙirga farkon samun sauƙi sai an yi wata uku babu alamomi, ba ya kiran sa tabbatacce sai an cika shekara. Makonnin bayan Sallah su ne lokacin sa ido da jan yaro a jiki.

Wanda jikinsa ya kamu kuwa, kwanakin farko na azumi na iya zama masa haɗari. Kyarma da gumi da bugun zuciya kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Farfaɗiya na iya biyowa cikin kwana biyu. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga mummunar ruɗewa, da zazzaɓi, da gane-ganen ƙwari ko macizai ko mutanen da babu su. A gidajenmu, dattijon da ya fara haka ran uku ga azumi za a ce iska ce ta taɓa shi, ko zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kansa. Wannan hali yana kisa idan ba a kula ba, kuma ya fi tsanani ga tsofaffi. Maganinsa sananne ne a asibiti: magungunan kwantar da jijiya da likita ke ragewa sannu a hankali, da ƙarin ruwa, da sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa. Addu'a da ruƙiyya ba su hana a ɗauki mara lafiya a kai shi babban asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum a daren ba, a kuma gaya wa likita gaskiya. Wanda ya san yana sha kullum kuma ya yi niyyar tuba, ya fara da ganin likita tun a Sha'aban.

Tambayar malami da tambayar likita

Hukuncin giya a Musulunci bai da ruɗani. Kaɗan da mai yawa duk haram ne, kuma kare hankali na cikin manufofi biyar na Shari'a da Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka yi bayani. A mazhabar Malikiyya haddin mai sha bulala tamanin ne, bisa abin da Sayyidina Umar (RA) ya tsayar bayan shawara da sahabbai. Fiƙihu ma yana duban shekaru: ba a tsayar da haddi a kan wanda bai balaga ba, kuma idan alamomin balaga ba su bayyana ba, mashahurin zancen Malikiyya shi ne shekara 18, Shafi'iyya kuma 15. Abin lura a nan shi ne yaron da alƙali ya ɗauke wa haddi saboda ƙuruciya, shi ne wanda likita ya fi jin tsoro a kansa saboda wannan ƙuruciyar. Malami na tambayar ko an saɓa wa Allah. Likita na tambayar yadda abin ya kama jiki da ƙwaƙwalwa. Gida na buƙatar amsoshin biyu, kuma ɗaya ba ta soke ɗaya.

Tarihin haramcin kansa ya san halin wanda ya saba. An bi matakai ne: aya ta 219 a Suratul Baƙara ta rinjayar da zunubin giya a kan amfaninta, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar sallah cikin maye, sannan ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka rufe ƙofa. Nana A'isha (RA) ta bayyana, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa da hanin giya ne ya fara sauka da mutane sun ƙi bari. Hukunci ya riga ya cika, babu mai komawa matakin farko, amma hikimar ta rage mana: zuciya ake fara ginawa. Bukhari ya kuma ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. A ruwayar Muslim, da Ɗariƙ bin Suwaid ya ce yana haɗa giya ne don magani, Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. Wannan ya isa amsa ga dattijon da aka ce wa 'yar kaɗan na wanke ciki ko tana kawo barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu wani adadin giya da za a kira mara illa ga lafiya.

Tsoron tonon asiri shi ne babban abin da ke hana mutanenmu faɗa wa likita gaskiya. Ya kamata a sani cewa ɗakin likita ba kotu ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin mara lafiya, sai a 'yan wuraren da doka ta keɓe, kamar umarnin kotu. Addini kuma ya kwaɗaitar da suturta Musulmi, ya hana bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Sai dai sutura ba ta nufin a zuba ido mutum ya hallaka. Ɓoye wa unguwa sutura ce. Ɓoye wa likita sakaci ne.

Abin da ke hannunmu

Ga matashi, tambayar farko ita ce yaushe ya fara, da wa yake sha, me yake haɗawa da shi, kuma me ke damunsa. Mafi yawan irinsu gajeriyar nasiha daga wanda suke ganin girmansa, da sauya abokai, da sana'a ko komawa makaranta, sun fi musu amfani fiye da kwantarwa a asibiti. Ga dattijo, a nemi sa'ansa, amininsa ko limamin da yake jin nauyi, ya buɗe maganar, ko kuma babban ɗa ya keɓe da likita kafin a shigo da shi. A tafi da duk magungunan da yake sha a leda guda. Kada a kwashe kwalabensa a zubar rana ɗaya alhali babu likita a kusa.

Ma'aikatan ƙananan asibitoci na iya sauƙaƙa wa kansu nauyin baki ta hanyar yi wa kowa tambayar, babba da yaro, a jere da tambayar taba da goro da maganin gargajiya, yadda ba wanda zai ji an ware shi. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Najeriya ta karɓa, an tsara shi ne domin irin waɗannan ma'aikata da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi mutunta mara lafiya da kare haƙƙinsa.

Malamanmu da ke hawa mumbari a Anka da Gummi da Bukkuyum sun yi ƙoƙari wajen bayyana haramcin, kuma jama'a sun ji. Abin da ya rage shi ne a ƙara jumla ɗaya a huɗuba: wanda ya riga ya faɗa, yaro ne ko mai furfura, ƙofar tuba a buɗe take, ƙofar asibiti ma haka, kuma shiga ta biyun na taimaka wa tsayuwa a ta farkon. Ɗalibanmu da ke karatun aikin jinya da kiwon lafiya su riƙe cewa kafin a ƙirga alamomi, a fara tambayar shekaru.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya suturta iyayenmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.